Yadda Ake Bin Diddigin Narkewar Dusar Ƙanƙara da Hotunan Tauraron Ɗan Adam: Misali Daga Tsaunukan Atlas

Wanda ya tsaya a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko cikin watan Fabrairu ya fuskanci kudu zai ga itatuwan dabino a gabansa, can bayansu kuma kawunan duwatsu fari fat. Tsaunukan Atlas ke nan, mafi tsawonsu Tubkal, mai mita 4,167, wanda babu tsaunin da ya kai shi a duk arewacin Afirka. Farin nan dusar ƙanƙara ce, rumbu ne na ruwa. Ana zuba shi tun daga Nuwamba, ya zauna a daskare, sai zafi ya fara shigowa ya riƙa sakin ruwan kaɗan-kaɗan cikin kogunan Urika da Reraya da Nfis da Zat, su gangara filin Hauz su haɗu da kogin Tensift. Mai gonar tuffa da gyaɗar bishiya a ƙauyen Imlil, da mai zaitun a ƙasa, duk da wannan jinkirin suka dogara. Idan rumbun ya buɗe da wuri da mako uku, ruwan zai wuce a lokacin da gona ba ta matsu ba, ya bar ta da ƙishi a Yuni.

Shi ya sa tambayar "yaushe ta narke?" take da nauyi kamar tambayar "nawa ta zuba?". Tashoshin awo a saman waɗannan duwatsu ba su da yawa, amma taurarin ɗan adam suna ɗaukar hotonsu kullum tun shekarar 2000, wasu ma tun 1984, kuma hotunan kyauta ne. Da kwamfuta da intanet da haƙuri, ɗalibi a ko'ina zai iya yin wannan aikin. Zan bi matakan da kwarin Reraya a matsayin misali, amma hanyar ɗaya ce ga Himalaya ko Alps ko Andis.

Mataki na farko: yanke abin da kake nufi da "ranar narkewa"

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, tun kafin a buɗe hoto ko ɗaya. Tauraro ba ya ganin narkewa. Abin da yake gani shi ne wuri fari jiya, yau ƙasa. Saboda haka dole ka zaɓi ma'ana, ka rubuta ta a takarda, ka riƙe ta daga shekarar farko har ta ƙarshe.

Akwai ma'anoni uku da aka fi amfani da su. Na ɗaya, ranar ƙarshe da aka ga dusar ƙanƙara a wuri cikin shekara. Tana da sauƙin lissafi, sai dai ɗan yayyafin ƙanƙara na kwana ɗaya a watan Mayu zai iya ɗaga ta da wata guda, alhali babban tarin ya tafi tun Afrilu. Na biyu, ranar ƙarshe ta zaman da ya fi tsawo ba yankewa. Na uku, jimillar kwanakin da wurin ya yi a rufe.

A Atlas ni na fi yarda da na biyu, in haɗa shi da na uku. Dalili kuwa, a gangaren da ke ƙasa da mita 2,500 dusar ƙanƙara ba ta zama. Ta zuba, ta yi kwana huɗu, ta ɓace, ta sake zuba bayan mako biyu. A irin wannan wuri "ranar narkewa" ba ta da ma'ana sosai, jimillar kwanaki ce ke faɗin gaskiya. Can sama kuwa, inda take kwantawa wata huɗu ko biyar, ƙarshen dogon zaman shi ne abin da kogi yake ji. Ka ƙara sharaɗi ɗaya: ba za a kira rana ranar narkewa ba sai wurin ya ci gaba da zama ba fari aƙalla kwana biyar a jere. Kana iya zaɓar bakwai ko goma. Muhimmin abu kada ka canza a tsakiyar hanya don sakamako ya yi maka daɗi.

Sai lissafin kwanaki. Kada ka fara shekara daga 1 ga Janairu, domin hakan zai raba lokacin sanyi gida biyu. A Maroko shekarar ruwa tana farawa 1 ga Satumba. Ka ba wannan rana lamba 1. Da haka 1 ga Maris za ta zama rana ta 182, 15 ga Afrilu ta 227, 1 ga Mayu ta 243, sai a ƙara ɗaya a shekarar da Fabrairu ya yi kwana 29.

Mataki na biyu: shata wurin, ka raba shi bisa tsayi

Ka zaɓi kwari guda wanda duk ruwansa yake fita ta ƙofa ɗaya. Reraya yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 225, daga ƙwanƙolin Tubkal zuwa tashar awon ruwa ta Tahanawut. Amfanin wannan shi ne daga baya za ka iya gwada abin da tauraro ya faɗa da abin da kogi ya faɗa.

Ka sauko da taswirar tsayin ƙasa ta SRTM, wadda aka auna da rada daga kumbon Endeavour a Fabrairun 2000, wadda kowace ƙwayar hotonta take wakiltar mita 30 a ƙasa. Da ita za ka yanka kwarin hawa-hawa, kowane hawa mita 200 ko 300. Sannan ka raba gangaren da ke fuskantar arewa da wanda ke fuskantar kudu. A wannan ɓangare na duniya gangaren kudu ne yake shan rana, yakan bushe makonni kafin na arewa ko da tsayinsu ɗaya. Wanda ya haɗa su duka ya fitar da matsakaici ɗaya ya dama fura da ƙasa.

Mataki na uku: wane tauraro?

Babu wanda ya haɗa komai. MODIS, na'urar da ke kan tauraron Terra, tana ba da hoto kowace rana tun 24 ga Fabrairun 2000, amma ƙwayar hotonta, wato fiksel, kusan mita 500 ce. Kwarin Reraya gaba ɗaya fiksel dubu ne da 'yan kai. Tagwayenta tana kan tauraron Aqua tun 2002. Kafin lokutansu su fara motsawa, Terra yana wucewa ne da hantsi, wajen ƙarfe 10:30, Aqua kuma da rana, wajen 1:30.

Tauraron Landsat yana gani dalla-dalla, mita 30, kuma tarihinsa mai amfani ga wannan aiki ya fara da Landsat 5 a 1984. Matsalarsa sai bayan kwana 16 yake dawowa wuri. Idan ranar ta faɗo da hadari, ka jira wasu 16. Da wata guda tsakanin hoto da hoto ba za ka iya cewa narkewa ta matso da kwana biyar ba. Sentinel-2 na Tarayyar Turai ya fi su kyau, mita 10 zuwa 20 duk kwana biyar, amma na farko ya tashi ne a 2015, na biyu a 2017, shekarunsa ba su isa a yi maganar dogon sauyi ba.

Shawarata: MODIS ya zama ƙashin bayan aikin, Landsat da Sentinel-2 su zama masu duba shi. Tarin da kake nema sunansa MOD10A1 na Terra da MYD10A1 na Aqua, bugu na 6.1, daga cibiyar NSIDC da ke Bolda a jihar Kolorado. Idan za ka sauko da fayil, yankin Atlas yana cikin falle mai lamba h17v05. Idan intanet ɗinka ba mai ƙarfi ba ne, ka yi aikin a Google Earth Engine, inda hotunan suke zaune a can, kai dai ka aika umarni a dawo maka da tebur ƙarami. Hoton kwana dubu tara ba abin saukewa da datar waya ba ne.

Mataki na huɗu: yadda na'ura take rarrabe ƙanƙara da gajimare

A ido, dukansu fari ne. Sirrin yana cikin hasken da ido ba ya gani. Na'urar tana da tagogi da yawa, kowace tana karɓar nau'in haske ɗaya. A tagar koren haske, dusar ƙanƙara da gajimare duka suna ƙyalli. A tagar da ke wajen maikuromita 1.6 a ma'aunin tsawon igiyar haske, can bayan jan haske, dusar ƙanƙara tana shanye hasken ta koma kusan baƙa, gajimaren ruwa kuwa yana nan da haskensa. Daga wannan bambanci aka gina ma'aunin NDSI: ka cire ƙimar taga ta biyu daga ta kore, ka raba da jimillarsu.

Ga shi da lambobi na misali. Fiksel mai sabuwar dusar ƙanƙara, kore 0.80, ɗayar 0.10: saura 0.70, a raba da 0.90, ya ba da 0.78. Gajimare, 0.80 da 0.55: ya ba da 0.19. Tsuran dutse, 0.15 da 0.30: ya faɗi ƙasa da sifili. Iyakar da aka daɗe ana amfani da ita ita ce 0.4, abin da ya haura ta a kira shi dusar ƙanƙara. A MODIS tagogin su ne ta 4 da ta 6, a Landsat 5 da 7 ta 2 da ta 5, a Landsat 8 da 9 ta 3 da ta 6, a Sentinel-2 kuma B3 da B11. Ka lura da sauyin lambobi tsakanin tsoho da sabon Landsat, ya kayar da mutane da yawa.

Ruwa ma yana shanye wannan hasken. Tafki mai kore 0.06 da 0.01 zai ba ka 0.71, kamar ƙanƙara sak. Hasali ma da wannan lissafin, ƙarƙashin wani suna, ake auna faɗin ruwa a wurare irin Tafkin Chadi da fadamun Hadeja da Nguru. Don haka ka cire madatsun ruwa da tafkuna daga taswirarka tun farko, kuma idan kai kake lissafa ma'aunin da kanka daga Landsat, ka ƙara sharaɗin cewa wurin ya kasance mai haske sosai a tagar kore da ta kusa da ja.

A MOD10A1 an riga an yi maka lissafin, an ninka shi da ɗari, yana tsakanin 0 da 100. Iyakar 0.4 ta zama 40. Sai dai a dutse mai tabo-tabo irin Atlas, inda rabin fiksel ƙanƙara ne rabi dutse, 40 tana iya yin tsauri ta zubar da ƙanƙarar gaske. Kada ka yi gardama da kanka a kai. Ka gudanar da aikin sau uku, da 10 da 25 da 40, ka ga ko labarin ya canza. Ranakun za su motsa, wannan dole ne. Abin dubawa shi ne ko alkiblar sauyin ta tsaya.

Wani tarko: a fayil ɗin asali, lambobin da suka wuce 100 alamomi ne. 250 gajimare, 237 ruwan tafki, 211 dare, 200 babu bayani, 255 fanko. Na taɓa rubuta umarni cewa duk abin da ya kai 40 dusar ƙanƙara ce, ban sa rufi a 100 ba, sai taswira ta nuna mini filin Hauz a lulluɓe tsakiyar Afrilu. Kwana biyu na yi kafin na gane gajimare nake ƙirgawa. A Earth Engine an ɓoye waɗannan lambobin, amma akwai tarkon da ya yi kama da shi: idan ka cike gurbin da aka ɓoye da sifili, ka mayar da duk ranar hadari ranar da babu ƙanƙara.

Mataki na biyar: gajimare

Wannan ne zai cinye rabin lokacinka, kuma ya cancanta. Ranar da dusar ƙanƙara take zuba ita ce ranar da tauraro ba ya ganin ƙasa. Atlas yana da sauƙi idan aka kwatanta da Alps ko gabashin Himalaya, sararinsa ya fi washewa, amma a Maris da Afrilu, daidai lokacin da kake buƙatar ido, gajimare yakan taru a kan kawunan duwatsu da rana ta ɗaga.

Ana cike giɓin ne daki-daki, daga abin da aka fi amincewa da shi zuwa wanda ya fi rauni. Da farko ka haɗa Terra da Aqua: inda Terra ya ga gajimare da hantsi, ka duba ko Aqua ya ga ƙasa da rana. Ka ba Terra fifiko duk inda dukansu suka gani, domin yawancin idanun taga ta 6 a kan Aqua sun lalace tun farkon tafiyarsa, da dabarar lissafi ake maido da ita. Kuma ka tuna Aqua bai fara ba sai tsakiyar 2002, saboda haka shekaru biyun farko suna da giɓi fiye da sauran.

Na biyu, cikewa ta lokaci. Bari mu ɗauki fiksel ɗaya a gangaren arewa, mita 3,000, mu bi shi na kwana goma a wata shekara ta misali. Rana ta 220: 62. Ta 221: 58. Ta 222 da 223: gajimare. Ta 224: 51. Babu wahala, fari kafin, fari bayan, ka cike tsakiya da fari. Sai ta 225: 44. Ta 226, 227, 228, 229: gajimare. Ta 230: 6. To yaushe ta narke? Wani lokaci tsakanin 225 da 230, iyakar abin da tauraro ya sani ke nan. Idan ka ɗauki ƙimar ƙarshe ka ja ta gaba, kullum za ka makara. Idan ka ɗauki ta gaba ka jawo ta baya, kullum za ka yi gaggawa. Ka ɗauki tsakiya, 227 ko 228, sannan ka ajiye faɗin giɓin, kwana biyar, a wani shafi dabam. Wannan shafi na biyu shi ne ma'aunin amincinka. Duk fiksel ɗin da giɓinsa a lokacin narkewa ya wuce kwana goma, ka jefar da shi a wannan shekarar.

Na uku, cikewa ta tsayi. A rana ɗaya, idan duk fiksel ɗin da ake gani sama da wani tsayi fari ne, ana iya ɗaukar na ƙarƙashin gajimare a can sama a matsayin fari, haka nan na can ƙasa a matsayin ƙasa. Yana aiki, amma ka yi shi dabam ga gangaren arewa da na kudu.

Akwai tarin da aka riga aka cike, MOD10A1F, wanda yake ɗaukar gani na ƙarshe ya ja shi gaba, tare da shafin da ke faɗin kwana nawa ke nan rabon da a ga wurin. Yana rage aiki. Amma ka ga illar jan ƙima gaba a misalin da ya wuce: a shekarar da hadari ya yi yawa, narkewa za ta bayyana a makare ba don ta makara ba. Saboda haka ka zana jadawalin yawan kwanakin gajimare na Maris zuwa Mayu shekara-shekara. Idan gajimaren kansa yana raguwa ko ƙaruwa cikin shekaru, wani ɓangare na "sauyin" da za ka gani nasa ne.

Mataki na shida: fitar da taswirar kowace shekara, ka duba ta da ido

Yanzu kowane fiksel yana da jerin kwana 365 na fari ko ƙasa. Ka nemo zaman da ya fi tsawo, ka rubuta ranar ƙarshensa da jimillar kwanaki. Taswira ɗaya a shekara, sai matsakaicin kowane hawa da kowace fuska.

Kafin ka ci gaba, ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ranar narkewa ya kamata ta riƙa ƙaruwa yayin da kake hawa. Idan ka ga fiksel a gindin kwari ya fi ƙwanƙoli jinkiri, akwai matsala, galibi inuwar dutse ce ko gefen gajimare mai ƙanƙara a cikinsa, wanda shi ma yake yin duhu a maikuromita 1.6. Shekarar da wani hawa bai samu dusar ƙanƙara ko kaɗan ba, kada ka ba shi sifili a ranar narkewa, ka bar gurbin fanko. A jimillar kwanaki ne sifili yake da ma'ana. Ka kuma duba ranakun da tauraron bai aiko da komai ba, kamar kwanakin da Terra ya yi shiru a Fabrairun 2016.

Mataki na bakwai: gwada shi da wani shaida

Ka zaɓi ranaku ashirin ko talatin masu sarari garau daga Sentinel-2 ko Landsat a lokacin narkewa. A kowane fiksel na MODIS ka ƙirga kashi nawa na ƙananan fiksel ɗin da ke cikinsa fari ne. Nan za ka gane iyakar da ta dace da dutsenka, 40 ce ko ƙasa da haka. Idan za ka yi amfani da Landsat 7 bayan 31 ga Mayun 2003, ka sani hotunansa suna da zane-zanen fanko da suka cinye kusan kashi 22 cikin ɗari, saboda wata na'ura da ta lalace a ranar.

Shaida na biyu shi ne kogi. Idan ka samu awon ruwa na kullum daga tashar da ke bakin kwarin, ka lissafa ranar da rabin ruwan shekara ya wuce. Da irin wannan lissafi aka gano cewa a yammacin Amurka ta Arewa, tsakanin 1948 da 2002, ruwan narkewa a koguna da yawa ya matso da mako ɗaya zuwa huɗu. A Atlas kada ka sa ran su dace ɗari bisa ɗari. Manoma suna janye ruwa ta magudanan ban-ruwa kafin ya isa tasha, ruwan sama yana haɗuwa da na narkewa, kuma iskar can busasshiya ce mai ƙarfi, wani kaso na dusar ƙanƙarar yana tashi ya zama tururi kai tsaye ba tare da ya taɓa zama ruwa ba. Tauraro zai ce ta tafi, kogi bai ga ko ɗigo ba.

Ga mai son sanin lokacin da narkewa ta fara, ba ƙarshenta kawai ba, akwai radar Sentinel-1 tun 2014. Tana ratsa gajimare, kuma jiƙaƙƙiyar dusar ƙanƙara tana rage ƙarfin amsawarta sosai, ana yawan ɗaukar faɗuwar desibel 3, ma'aunin ƙarfin amsawar, a matsayin alama. Wannan aiki ne na wata rana.

Mataki na takwas: shin akwai sauyi?

Kana da lambobi 25 ko kusa da haka ga kowane hawa. Ka zana su tukuna, shekara a kwance, ranar narkewa a tsaye. Abin da za ka fara gani shi ne tsalle-tsalle. Haka duwatsun yankuna masu ƙarancin ruwa suke. A Siyera Nebada ta Kalifoniya, awon 1 ga Afrilun 2015 ya nuna kashi 5 cikin ɗari na abin da aka saba, a 2023 kuwa ya ninka abin da aka saba fiye da sau biyu. A cikin irin wannan hayaniya kake neman motsin kwana biyu ko uku a shekara goma.

Kada ka ja miƙaƙƙen layi na yau da kullum, shekara ɗaya mai tsanani a farko ko ƙarshe za ta karkatar da shi. Ka yi amfani da gangaren Theil-Sen, wato hanyar auna karkatar layin jadawali: a haɗa kowace shekara da kowace, shekara 25 suna ba da haɗi 300, a lissafa gangaren kowane haɗi, a ɗauki na tsakiya. Sannan gwajin Mann-Kendall ya gaya maka ko alkiblar ta fi ƙarfin sa'a. Dukansu suna cikin manhajojin lissafi na R da Python. Ka bayyana sakamakon da kwana nawa a shekara goma, tare da iyakar ƙasa da ta sama. Idan iyakokin sun ratsa sifili, ka rubuta hakan ƙarara. Sakamako ne mai daraja, kuma na fi girmama shi fiye da taswira mai jan launi wadda ba ta da tushe.

Maganar taswirar nan: idan ka yi gwajin a kan fiksel dubu ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin kashi 5 cikin ɗari, wajen hamsin za su fito da "sauyi" ko da babu abin da ya canza. Kuma maƙwabtan fiksel ba shaidu dabam-dabam ba ne, yanayi ɗaya suka sha. Shi ya sa na fi son gwaji a kan hawa-hawa.

Sai gwaji na ƙarshe, mai sauƙi mai tona asiri. Ka cire shekaru uku na farko ka sake lissafi. Ka mayar da su, ka cire uku na ƙarshe. Maroko ta sha fari na shekaru a jere daga wajen 2019, kuma waɗannan shekarun suna zaune daidai ƙarshen jerinka, inda suke da nauyi mafi yawa. Idan alkiblar ta ɓace da ka cire su, to abin da ka auna fari ne na rashin ruwa. Yana iya zama farkon sabon hali, amma shekara 25 ba za su iya rantsuwa a kai ba.

Mataki na tara: me ya jawo shi?

Narkewa da wuri tana da iyaye aƙalla uku. Ko dusar ƙanƙarar ba ta zuba da yawa ba, ƙaramin tari kuwa ba ya daɗewa. Ko zafi ya ƙaru, abin da da zai sauko ƙanƙara ya sauko ruwa, musamman a ƙananan hawa, tunda iska tana yin sanyi da kusan digiri 6.5 a kowane mita dubu na hawa, ɗumin digiri ɗaya yana ɗaga layin ƙanƙara da wajen mita 150. Ko kuma ƙura. Atlas yana bakin Sahara, kuma duk wanda ya san yadda ƙurar hunturu take kwantawa a kan kaya ya san abin da za ta yi wa farin fili: ta dusashe shi, ya riƙa shan zafin rana maimakon ya mayar da shi. A tsaunukan San Huwan na Kolorado an auna cewa ƙurar hamada ta rage zaman dusar ƙanƙara da kwana 18 zuwa 35 a 2005 da 2006.

Don rarrabe su, ka ɗauko zafi da ruwan sama na yankin daga tarin bayanan yanayi na ERA5-Land, wanda ya fara daga 1950, ƙwayarsa kusan kilomita 9. Bai san kwazazzabai ba, amma ya isa ya nuna shekarar ɗumi da shekarar fari. Ka kwatanta ranar narkewa da ruwan Nuwamba zuwa Maris, sannan da zafin Maris da Afrilu. Alamar zafi takan fi fitowa a hawan tsakiya, inda ake kan iyakar daskarewa. Alamar rashin ruwa takan taɓa dutsen daga sama har ƙasa.

Abin da ke tafe da MODIS

Terra da Aqua sun tsufa. Tun 2020 an daina gyara hanyar Terra, lokacin wucewarsa yana ta matsowa zuwa safiya, na Aqua kuma yana jan baya zuwa yamma tun wajen 2022. A dutse mai tsini wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rana tana ƙasa-ƙasa, inuwa ta fi tsawo, gangaren da yake cikin haske a 2005 yana iya kasancewa cikin inuwa yanzu a rana ɗaya ta shekara. Ka sa alama a kan shekarun bayan 2021 a jadawalinka, ka duba ko gangaren arewa da na yamma sun yi wani motsi da na kudu bai yi ba.

Magajinsu shi ne VIIRS, na'ura irin MODIS, wanda ya tashi a kan tauraron Suomi NPP a 2011, mai fiksel mita 375, tarin dusar ƙanƙararsa VNP10A1. Kada ka manna jerinsa a ƙarshen na MODIS kai tsaye. Kana da shekaru fiye da goma da dukansu suke aiki tare, daga 2012. Ka lissafa ranar narkewa da kowannensu a waɗannan shekarun, hawa bayan hawa, ka fitar da matsakaicin bambancin, ka rubuta shi a saman fayil ɗinka tare da iyakar NDSI da ka zaɓa, da sharaɗin kwana biyar, da bugun bayanan, da ranar da ka sauko da su. VIIRS yana wucewa ne da rana kamar Aqua, saboda haka ka fara kwatanta shi da Aqua kafin Terra.